Garin Tsare Ɓarawo An Kori Baƙo

Duk garin da ya kafu ya bunƙasa, tilas ne wata rana ya yi shawarar gina ganuwa, domin inda arziki ya taru nan ɓarawo ke sa ido. Amma magabatan da suka kewaye birane irin su Kano da Katsina da Zariya ba su manta da barin ƙofofi ba, kuma kowace ƙofa da sarkinta, wanda aikinsa ne ya san mai shiga da mai fita. In sarkin ƙofa ya yi sake, mahara su faɗo. In kuwa ya cika tsanani, sai fatake su sake hanya, kasuwa ta mutu, gari ya kama hanyar zama kufai ba tare da an harba ko kibiya ɗaya ba. Wannan tsohuwar matsala ita ce ta sake ɗago kai a zamanin nan, cikin waɗansu sababbin garuruwa da ba su da ƙasa ko iyaka, watau jama'ar da ke haɗuwa ta intanet su yi aiki tare alhali kuwa ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Wani Ba'amurke mai suna Aaron Halfaker ya ɗauki shekaru yana nazarin ɗaya daga cikin manyan garuruwan nan, kuma abin da ya gano ya isa a tsaya a saurare shi.

Garin da ake magana shi ne Wikipedia, kundin ilmin nan da 'yan sa kai ke rubutawa kyauta. Asalinsa ma darasi ne. A shekarar 2000 Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara wani kundi mai suna Nupedia, wanda masana ne kaɗai aka yarda su yi rubutu a cikinsa, kuma kowace maƙala sai ta bi matakai bakwai na tantancewa kafin ta fito. Har aka rufe shi a 2003, maƙalolin da suka tsallake wannan siraɗi ba su kai 30 ba. Ana cikin wannan tafiyar hawainiya ne, ran 15 ga Janairu, 2001, suka buɗe Wikipedia bisa wata dabara da Ward Cunningham ya ƙago a 1995, wadda ke ba duk mai karanta shafi damar ya gyara shi nan take. Kafin shekara ta zagayo an rubuta maƙaloli wajen 20,000. A watan Maris na 2006 sashen Turanci ya cika maƙala miliyan ɗaya, a Satumba na 2007 ya cika miliyan biyu.

Wani masani, Benjamin Mako Hill, ya bi tarihin waɗansu kundaye guda bakwai da aka yi ƙoƙarin ginawa ta hanyar taron dangi a intanet, waɗanda babu wanda ya kai ko kusa da Wikipedia. Ya ga cewa abin da ya fifita ta shi ne ta kira mutane zuwa ga aikin da suka riga suka san siffarsa, domin duk wanda ya shiga makaranta ya taɓa ganin kundin ilmi. Sa'an nan ta sauƙaƙa shiga, ba ta kuma manna sunan kowa a bisa maƙala ba, saboda haka ba wanda ke jin nauyin taɓa rubutun wani. A taƙaice dai, faɗin ƙofa shi ya gina garin.

To, amma ƙofar da ta shigo da mutanen kirki ita ce ta shigo da maɓarnata. A watan Mayu na 2005 wani ya rubuta tarihin ƙarya game da John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida mai mutunci wanda ya taɓa zama mataimaki ga Robert Kennedy, ya ce wai an taɓa zarginsa da hannu cikin kisan 'yan gidan Kennedy. Ƙagen ya zauna wajen wata huɗu ba wanda ya lura. Da mutumin ya fito ya faɗi abin da aka yi masa cikin jaridar USA Today a watan Nuwamba na wannan shekara, sai mutuncin Wikipedia ya girgiza. Nan da nan, a watan Disamba, aka hana wanda bai yi rajista ba buɗe sabuwar maƙala a sashen Turanci, aka kuma tsaurara dokokin rubutu game da mutanen da ke raye. Daga baya aka ƙera manhajojin sintiri, irin su Huggle da ClueBot, waɗansu suna taimakon ɗan Adam ya duba ɗaruruwan gyare-gyare cikin ɗan lokaci, waɗansu kuma su da kansu suke soke ɓarna cikin ƙiftawar ido. Ba wanda zai ga laifin wannan mataki. Wanda aka yi wa sata ba a hana shi sayen kwaɗo.

Ganuwa ta ginu, ɓarna ta ragu, amma sai wani abu ya biyo baya da ba a zata ba. Yawan 'yan sa kai masu aiki a kai a kai a sashen Turanci, wanda ya haura 50,000 a 2007, ya shiga raguwa shekara bayan shekara, har ya sauko wajen 31,000 a 2013. Masu karatu suna ta ƙaruwa, marubuta suna ta zarewa. Kowa da irin bayanin da ya kawo. Waɗansu suka ce ai an riga an rubuta duk abubuwa masu sauƙi, ba sauran aiki ga ɗan koyo. Waɗansu suka ce mutanen kirki sun riga sun shigo tun farko, masu zuwa yanzu tarkace ne kawai. Wannan bayani na biyu ya fi kwanta wa tsofaffin 'yan gari a rai, don kuwa ya wanke su sarai.

A wannan lokaci Halfaker ɗalibi ne mai neman digirin digirgir a fannin ilmin kwamfuta a Jami'ar Minnesota, a ƙarƙashin Shaihun Malami John Riedl. Abin da ya taimake shi shi ne Wikipedia ba ta mantuwa: kowane gyara da aka taɓa yi, da wanda ya yi shi, da ranar da aka yi, da wanda ya soke shi, duka suna nan a ajiye ga mai son dubawa. Samun irin wannan cikakken tarihi na zaman jama'a abu ne da masu nazarin halayyar ɗan Adam na dā ba su ko yi mafarkinsa ba. Shi da abokan aikinsa, Stuart Geiger da Jonathan Morgan da malamin nasu, suka ɗebi samfurin sababbin shiga daga kowace shekara, aka zauna aka karanta gyare-gyaren da kowannensu ya fara yi, aka ware maɓarnata gefe, aka ware masu kyakkyawar niyya gefe, ko da kuwa aikin nasu bai yi kyau ba. Sakamakon ya fito a 2013.

Abin da ya bayyana shi ne ingancin baƙi bai lalace ba. Mutanen kirki suna nan suna zuwa kamar dā. Abin da ya sake shi ne irin tarbar da ake yi musu. Tun daga wajejen 2007, mai kyakkyawar niyya ya fi fuskantar a soke aikinsa na farko, kuma wanda aka soke wa aikin farko ya fi saurin tafiya ba waiwaye. Daɗin daɗawa, saƙon farko da baƙo ke samu ya yawaita zama shiryayyen gargaɗi wanda manhaja ta liƙa masa, ba gaisuwa, ba bayanin da ya dace da kuskurensa. Mai karatu ya auna abin a ransa. Mutum ya ga kuskure game da garinsu ko sana'arsa, ya ɓata maraicensa ya gyara, bai san cewa dole ne ya kawo madogara ba, ya wayi gari ya tarar an share, ga kuma takardar kashedi irin wadda ake ba maɓarnaci. Irin wannan mutum ba ya kai ƙara, ba ya zagi, tafiyarsa kawai yake yi, kuma ba wanda zai san an yi hasara, domin ba a yin jana'izar wanda bai zauna ba.

Akwai abu na uku da binciken ya tono, wanda ya fi sauran zurfi. A shekarun farko kowa na iya sa baki cikin tsara dokokin Wikipedia. Da tafiya ta yi nisa sai dokokin suka daskare, ya zamana in sabon mutum ya yi ƙoƙarin gyara wata ƙa'ida, ya fi tsohon hannu fuskantar a mayar masa da abinsa. Ke nan waɗanda doka ta fi cizo su ne ba su da bakin magana a kanta. Ya kamata a lura cewa babu mugu cikin wannan labari. Masu sintiri 'yan sa kai ne masu kishin aikin, suna kwana suna kare shi ba ko sisin kwabo. Har ma Wikipedia tana da tsohuwar ƙa'ida mai hana cizon sababbin shiga. Sai dai kayan aikin da aka damƙa musu an ƙera su ne domin tambaya ɗaya tak, watau ko wannan gyara ɓarna ne. Ba a ƙera su domin su tambayi ko wane ne ya yi shi, da abin da ya nufa ba.

Masu wannan nazari ba daga sama suka faɗo ba. Da yawa cikinsu sun sha daga rijiyar Elinor Ostrom ta Jami'ar Indiana, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. A 1968 wani masani, Garrett Hardin, ya yi rubutun da ya shahara, inda ya ce duk makiyayar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, domin kowane makiyayi zai yi ta ƙara dabbobinsa har ciyawa ta ƙare. Ostrom ba ta tsaya musu da baki ba, sai ta tattara labaran wuraren da jama'a suka riƙe dukiyar tarayya ɗaruruwan shekaru ba ta lalace ba. Cikinsu akwai ƙauyen Törbel a kan duwatsun ƙasar Suwizalan, wanda mutanensa suka rubuta yarjejeniyarsu tun 1483, kuma a 1517 suka kafa dokar cewa kada kowa ya kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a gida lokacin hunturu. Akwai kuma manoman rani na Balansiya a ƙasar Sifen, waɗanda kotun ruwansu ke zama kowace Alhamis a bakin ƙofar babbar majami'ar birnin.

A littafinta na 1990 ta fitar da sharuɗɗa takwas da ta ga irin waɗannan jama'a sun yi tarayya a kansu. Biyu daga ciki kamar don Wikipedia aka rubuta su. Na ɗaya, waɗanda doka za ta hau kansu su kasance da hannu wajen gyara ta. Na biyu, horo ya zama hawa-hawa, a fara da jan kunne mai sauƙi, sai laifi ya maimaitu a ƙara nauyi, domin galibin masu karya doka karo na farko rashin sani ne ko matsi ya sa su. Jama'ar da ta ɗauko gatari tun a kuskuren farko tana sare wanda gobe zai zama mai gadinta. Ostrom ta rasu a 2012, amma ma'auninta ya rage a hannun masu nazarin intanet.

Abin yabo ga Halfaker da abokansa shi ne ba su tsaya ga bayyana cuta ba, sun shiga neman magani, kuma kowane magani sai an gwada shi an auna. A 2012 aka buɗe wani zaure a sashen Turanci mai suna Teahouse, watau kamar teburin mai shayi, wanda Jonathan Morgan na cikin waɗanda suka kafa shi. Ana aika wa sabon shiga goron gayyata, in ya zo ya tarar da tsofaffin hannu da suka ɗauki alkawarin amsa kowace irin tambaya cikin sakin fuska. Daga baya shi da Halfaker suka kwatanta waɗanda aka gayyata da waɗanda ba a gayyata ba, suka ga na farkon sun fi daɗewa ana damawa da su. Hausawa sun riga sun faɗa, zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Shi kuma Halfaker, wanda ya koma aiki da gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia, ya jagoranci ƙera wata manhaja mai suna ORES a 2015, wadda aka koya mata ta raba tambaya biyu: ko gyaran ya yi lahani, da kuma ko da kyakkyawar niyya aka yi shi. Da wannan mai sintiri zai iya bambanta wanda ya zo ƙona rumbu da wanda ya yi tuntuɓe ya zubar da hatsi. Daga 2019 kuma aka fara gwada haɗa kowane sabon shiga da wani tsohon hannu da zai zame masa jagora, a sassan harsuna irin su Larabci da Koriyanci.

Waɗansu masanan sun yi gwaje-gwaje makamantan waɗannan. Jana Gallus ta haɗa kai da marubutan sashen Jamusanci aka ƙirƙiro lambar yabo mai sunan wani fure na kan duwatsu, Edelweiss, wadda ba kuɗi a cikinta, hoto ne kawai da 'yan kalmomin godiya. Aka raba ta ga waɗansu sababbin shiga ta hanyar ƙuri'a, sai aka ga yawan masu ci gaba da aiki a watan da ya biyo ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. A 2016 kuma Nathan Matias ya yi gwaji a wani babban zauren tattauna kimiyya na dandalin Reddit, inda aka riƙa liƙa dokokin zauren a saman waɗansu tattaunawa, a bar waɗansu haka nan. Mai hasashe zai ce ganin doka zai tsorata baƙo. Akasin haka aka samu: baƙi suka fi bin doka, yawan masu sa baki cikinsu kuma ya ƙaru da wajen kashi 70 cikin 100. Ashe baƙo ya fi sakin jiki in an gaya masa inda zai tuɓe takalmi, da a bar shi ya taka shimfiɗa a yi masa tsawa.

Mai tambaya zai iya cewa, in tsofaffin hannu sun iya aikinsu, mene ne abin damuwa don baƙo ya tafi? Wani abu da ya faru a sashen Sinanci ya ba da amsa. A watan Oktoba na 2005 hukumomin ƙasar Sin suka toshe Wikipedia, marubuta da yawa suka yanke daga aikin dare ɗaya. Masana biyu, Xiaoquan Zhang da Feng Zhu, suka duba abin da ya sami marubutan da ke wajen ƙasar, waɗanda toshewar ba ta shafe su ba. Maimakon su ƙara himma su cike gurbi, sai aikinsu ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san dalili. Ƙarfin mai noma a gayya daga jerin 'yan'uwansa da kiɗan gangar noma yake fitowa, in jeri ya yi gibi, har gwanin fartanya sai hannunsa ya yi sanyi. Saboda haka korar baƙo tana komawa kan ɗan gari.

Hausawan da ke zaune a kudancin ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan sha'ani ta wata fuska. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya tsayu a kan maigida. Falke ya sauko daga Arewa da garkensa, bai san mahautan garin ba, su ma ba su san shi ba. Maigida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa in an sayi shanunsa bashi. Sabo ba ta rasa dokoki ko horo ba, amma akwai mutumin da arzikinsa da sunansa suka rataya ga baƙo ya ji daɗi ya komo baɗi. Abin da masanan intanet suka gano da lissafi bayan dogon bincike shi ne garuruwansu sun cika da dogarai, masu masauki sun yi ƙaranci.

Wannan magana ta shafi masu harshen Hausa kai tsaye, domin cikin harsuna fiye da 300 da ake rubuta Wikipedia da su akwai Hausa, kuma 'yan sa kai sun rubuta dubban maƙaloli a cikinta. Sashen Turanci yana da mutanen da zai yi hasarar dubbai ya rayu. Sashen da marubutansa ba su da yawa, kowane mutum ɗaya da ya yi fushi ya tafi gibi ne babba. Ga shi kuwa dalilan saɓani ba su da wuyar samu. Wani zai yi rubutu da wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, wani ya zo da Sakkwatanci ko Hausar Damagaram, wani ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba, wani kuma ya kwaso fassarar inji ya zuba ba tacewa. Duk waɗannan suna bukatar gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin dubawa shi ne kalmar farko da mutum zai ji daga bakin 'yan gari. Haka abin yake ga masu riƙe da zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin ci gaban gari, da na tsofaffin ɗalibai, da na 'yan kasuwa, inda danna maɓalli ɗaya ya isa a fitar da mutum a gaban idon kowa.

Raguwar marubutan sashen Turanci ta lafa a wajejen 2014 zuwa 2015, kuma sashen ya haura maƙala miliyan bakwai a 2025. Ba a rushe ganuwa ba, bai kuma kamata a rushe ta ba, gama masu ƙage da masu talla da masu farfaganda ba su yi barci ba. Abin da aikin Halfaker da ire-irensa ya ƙara shi ne ya koya wa masu tafiyar da jama'a su riƙa ƙidaya abu biyu. Sun saba ƙidaya ɓarayin da aka kama a bakin ƙofa, domin wannan adadi a fili yake, kuma yana faranta rai. Ɗaya adadin, na mutanen kirki da suka iso bakin ƙofa suka juya, sai an tashi takanas an neme shi kafin a gan shi. Shugaban da ya nemi wannan adadi na biyu, ya kuma naɗa wanda zai yi wa baƙo maraba kamar yadda ya naɗa mai gadi, shi ne jama'arsa za ta ga jikokinta. Shimfiɗar fuska, in ji masu iya magana, ta fi ta tabarma. Allah ya ba shugabanni haƙuri da talakawansu, tsofaffi da sababbi.